Takardar zama a ƙasar waje daga gida take farawa

Jawabin da wakilinmu ya gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a Ɗan Kasari



An ce in yi magana a kan biɗa. To, a nan Arewa ba ni zan koya wa kowa tafiya ba. Daga Ɗan Kasari zuwa Matankari, daga Kore Mairuwa zuwa Tibiri, da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa a Sakkwato, ko Legas, ko Kumasi, ko Abijan. Maganata a kan waɗanda ba su dawowa da damina take: mutumin da ya tafi ci-rani, ya buɗe shago, ya yi aure, ya haihu, ya shekara ashirin, amma a idon dokar ƙasar da yake zaune har yanzu baƙon wata uku ne.

Wata ukun nan ba ni na ƙago shi ba. Yarjejeniyar CEDEAO da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan yankin izinin shiga ba tare da biza ba, na kwana 90. Haƙƙin zama sai a 1986 aka ƙara shi, na kafa sana'a kuma a 1990, kuma zaman ba ya tabbata sai mutum ya je da ƙafarsa ya nemi katinsa. Dattawan da ke nan sun san abin da sakaci da wannan ya jawo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin Gana marasa takarda kwana 14 su fita. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba na Najeriya mako biyu, mutum fiye da miliyan ɗaya suka yi ɗauri. Ba a tambayi kowa shekara nawa ya yi ba, ko masallaci nawa aka gina da gudummawarsa. Takarda aka tambaya.

Yau kuma ƙasa ta sake motsi ƙarƙashin ƙafarmu. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarmu, ta kuma bar mana haƙƙin shiga da zama, har sai an ji wata sanarwa. Ku riƙe ƙarshen maganar nan. Abin da aka ba ka da sanarwa, da sanarwa ake karɓe shi. Yarjejeniyar UEMOA ta 1994 tana kare mu a Kodibuwa da Benin da Togo, amma Najeriya da Gana ba su cikinta.

Na san abin da za ku ce mini: takarda tsada gare ta. Gaskiya ne. Sai dai hukumomi kan yi afuwa ko sassauci, kuma sau da yawa labarin ba ya kai wa mai buƙata. Kodibuwa ta ƙaƙaba wa baƙi katin zama na kuɗi a 1990. A Nuwamban 2007 shugaba Gbagbo ya soke shi ga ƴan CEDEAO, aka ce takardar shaidar ƙasarsu ko ta ofishin jakadancinsu ta wadatar. A 2013 kuma aka yi dokar da ta buɗe wa waɗanda suke zaune a ƙasar tun kafin 7 ga Agustan 1960, da ƴaƴan da suka haifa can, gajeriyar hanyar zama ƴan ƙasa. Ƙofar ta rufe a Janairun 2016.

Na taɓa zama a Ajame, cikin Abijan, da wani dattijo ɗan Arewa wanda ya je can tun zamanin Turawa. Dokar nan kamar don shi aka rubuta ta. Bai ji ta ba sai bayan ta rufe, kuma daga bakin wani ɗan kamasho da ya karɓi jikkunansa a kan zai gyara masa, ya ɓace. Ƴan siyasarmu sun san hanyar Abijan idan ana neman kuɗin kamfe. Da ɗayansu ya tara jama'a a Ajame ya karanta musu dokar da Hausa, da ya fi musu buhun alkawari.

Yanzu mu dawo gida, don duk ofishin da za ka shiga a waje, takardar haihuwa zai fara nema. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kuma kyauta ne. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, sai ya nemi hukuncin alƙali, da shaidu, da kuɗin mota zuwa Dogon Dutsi. Lokaci-lokaci alƙalai kan fito ƙauyuka su yi wannan aiki ba a biya ba. Ma'aikata, nan ne nauyinku: a yi shelar ranar a kasuwa da masallaci da rediyo tun da sauran lokaci, kada a manna ta da Faransanci a bangon ofis a ce an sanar.

Ƴan kasuwa, ku ma ga naku. In kun sauka, ku yanki katin ofishin jakadanci. Ku adana rasiɗin haya da na haraji, domin tsarin mulkin Najeriya shekara 15 na zama yake nema kafin baƙo ya nemi zama ɗan ƙasa, kuma ba da rantsuwa ake tabbatar da su ba. Masu tsoron rasa asalinsu su kwantar da hankali: tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Kuɗin da ba a ba ku rasiɗinsa ba kuwa, ba aljihun hukuma ya shiga ba.

Ga ma'aikacin rajistar haihuwa nan zaune da littafinsa. Wanda aka yi wa haihuwa cikin wata biyun nan, ko yake riƙon jikokin da ubansu ke waje, ya dakata bayan addu'a. Malam, bismilla.