Dabo a Wayar Hannu: Shirya Bidiyon Rufa-Ido da Kafa Masa Suna a Tarauni

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na matasa masu shirya bidiyo, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano



Gabatarwa

Wasan dabo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan kyamara 'yan dabo ke tara jama'a ranar kasuwa, gefe da gardawa da 'yan tauri, su mai da tsakuwa goro, su zaro ƙyalle daga baki, a yi musu kari a watse. Abin da ya sauya shi ne dandalin. Yau taron yana cikin TikTok da YouTube da Facebook, kuma ɗan Tarauni ya fi kowa kusa da kayan aiki: Kasuwar Waya ta Farm Centre tana nan, ɗakunan tace hoto da naɗar sauti na titin Zoo Road, waɗanda suka raini Kannywood, suna kusa. Abu ɗaya wannan takarda ke son kafawa: a Kano, sunan mai bidiyon dabo ba ya tsayuwa sai a kan gaskiya. Ya faɗa wa mai kallo cewa dabara ce, ya kuma faɗa masa wace iri ce.

Hannu ne ko kyamara?

Iri biyu ne, kuma sun daɗe da haɗuwa. Georges Méliès, ɗan dabon Faransa mai gidan wasan Robert-Houdin a Faris, tun 1896 yake tsayar da kyamara, ya sauya abin da ke gabanta, ya ci gaba da ɗauka, sai mai kallo ya ga mace ta ɓace daga kan kujera. Zach King na Amurka a wannan layin yake. Bidiyon da ya saki a Disamban 2019, inda ya yi kamar yana tashi a kan tsintsiya, an kalle shi fiye da sau biliyan 2 a TikTok, kuma bai taɓa ɓoye cewa aikinsa na kwamfuta ne ba. A ɗaya ɓangaren akwai irin su Farfesa Peller, Moshood Abiola ɗan Iseyin, wanda ya cika dandali a Nijeriya da hannunsa da kayan wasansa a gaban idon jama'a, har aka kashe shi a Ibadan a 1997.

Duka biyun sana'a ne. Laifin yana wajen wanda zai yanke hoto a tsakiya, ya liƙa, sannan ya rantse da saurin hannu ya yi. Yaran yanzu suna rage gudun bidiyo su bi shi daki-daki, kuma ranar da suka ga inuwar bango ta yi tsalle, ranar sunanka ya zube. Saboda haka wanda ya zaɓi hannu ya ɗauka a tashi ɗaya ba yankewa, hannuwansa biyu a cikin hoto daga farko har ƙarshe, hannun riga a naɗe. Wanda ya zaɓi kwamfuta ya rubuta hakan a ƙarƙashin bidiyon. Tun 2024 ma YouTube ta wajabta wa masu ɗora bidiyo su bayyana idan sun sarrafa hoto ta yadda za a ɗauka gaske ne.

Shirin ɗauka

A nan ba zan daɗe ba, domin yawancinku kun fi ni sani. Waya a tsaye, a kafe ta kada ta yi rawa. Hasken hantsi a inuwar zaure ya fi ƙwan lantarkin da ba a san lokacin ɗauke shi ba. A maƙala ƙaramar makirfo a wuyan riga, don ƙarar adaidaita-sahu a titin Zariya ba ta barin magana ta fito. A nuna abin mamakin da wuri, mai kallo ba ya jiran doguwar gabatarwa. Wanda aka tsayar a titi ya zama shaida, a nemi yardarsa kafin a saki fuskarsa. Idan yaro ne, a nemi ta iyayensa.

Kayan wasan ne ya kamata mu tsaya a kansu. Galibin darussan dabo da ke intanet da karta ake yin su, alhali a garin nan karta sunan caca gare ta, kuma dattijon da ya ga tana yawo a hannun ɗansa ba zai tsaya jin bayani ba. Me ya hana goro, zobe, ashana, kofin mai shayi, ƙwai, ko hular zanna? Dabarar da ke ɓatar da kwabo ita ce ke ɓatar da goro, sai dai ta goron taka ce, babu wanda ya riga ka a Landan. Asalin aiki ke nan: ba lallai ka ƙirƙiro sabon sirri ba, ka ƙirƙiro labarin, da barkwancin, da kayan, da yadda abin zai ƙare. A guji carbi da allo da laya da duk wata takarda mai rubutun ayoyi. A guji takardar naira ma. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana wulaƙanta ta, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma EFCC ta gurfanar da mutane saboda bidiyon da suka ɗora da hannunsu. Wasan yaga kuɗi a maido shi yana burgewa, amma a yanka takarda a yi da ita.

Suna da tambari

Jarabawa mafi girma tana wajen zaɓen suna. Laƙabi mai ƙamshin aljanu ko hatsabibanci yana jawo 'yan kallo da sauri, ban musa ba. Amma yana jawo wasu baƙin: mai neman a ninka masa kuɗi, mai neman a juya zuciyar miji, mai neman a gano masa ɓarawo. Daga nan zuwa damfara taku ɗaya ne. A jihar da malamai ke wa'azi kan haramcin sihiri, Hisba na aiki, Hukumar Tace Fina-Finai da aka kafa a 2001 na sa ido, wanda ya jingina wasansa da gaibu ya saya wa kansa rigima da kuɗinsa. Kamfanin da ke neman mai yi masa talla ma ba zai liƙa hajarsa a jikin boka ba. Shawarata a sami jimla guda gajeriya da ke cewa wannan dabara ce da atisaye, a riƙa buɗe kowane bidiyo da ita har yara su haddace. Ita ce kariyarka, ita ce kuma shaidarka.

Sauran abu ne na tsari. Suna ɗaya a duk dandali, gajere, mai sauƙin rubutawa. Riga ko hula iri ɗaya da za a gane ka daga nesa. Tambari a cikin hoton kansa, kusa da hannuwa, ba a kusurwa ba, domin bidiyonmu ya fi yawo ta WhatsApp da Xender da shagunan masu tura fina-finai a waya, inda ake datse gefe sunan mai shi ya tafi. Kiɗa kuwa, kada a ɗauki waƙar wani. YouTube na da manhajar da ke gane ta, kuɗin tallan ya koma aljihun mai waƙar. Gara a biya wani yaro a Zoo Road ya buga maka naka na daƙiƙa goma. In abu ya fara kankama, a yi rajistar sunan a CAC, ko da yake rajistar tambarin kasuwanci daban take, a ma'aikatar ciniki ta tarayya ake yin ta.

Me doka ke karewa?

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare bidiyonka, ba ta kare dabarar da ke cikinsa. Wani zai iya koyon yadda ka ɓatar da zobe ya yi nasa. Abin da ba shi da iko shi ne ya kwashe naka ya ɗora a shafinsa. A Amurka, wani ɗan dabo mai suna Teller ya yi nasara a wata kotun Nevada a 2014 kan wani ɗan Beljiyam da ya kwaikwayi wasansa na fure da inuwa, ba don ya mallaki sirrin ba, sai don ya yi wa tsarin wasan rajista tun 1983. Don haka a adana ainihin abin da aka ɗauka kafin tacewa, da ranarsa. Maganar kuɗi kuma a yi haƙuri: cikakken rabon kuɗin talla a YouTube sai da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, ko kallon gajerun bidiyo miliyan 10 cikin kwana 90. Kafin nan, gayyatar bikin suna da walimar makarantu ce za ta sayi data.

Ina kira ga masu wannan wasa a Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni da su zauna su amince da ƙa'ida a rubuce: ba da'awar gaibu, ba tona sirrin abokin sana'a don neman mabiya, ba ɗaukar aikin wani babu izini. Su kai ta ga malaman unguwa da hukumar tace fina-finai da ƙafarsu, tun kafin a aiko kiransu.