Jawabin Ƙaddamar da Gangamin Wayar da Kan Direbobi Kan Safarar Mutane

 

Masu girma alƙalanmu, Allah ya ƙara muku basira. Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Jami'an hukumar NAPTIP, shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, 'yan kamasho da yaran mota, iyayenmu mata, barkanmu da zuwa.

Mun haɗa direba da alƙali a rumfa ɗaya yau domin duk yarinyar da aka yi safararta sai ta bi ta hannun na farko, duk wanda ya cuce ta kuma sai ya gurfana gaban na biyu.

'Yan'uwana direbobi, ba wanda ya fi ku ganin abin nan. Kun san matar da ke zuwa tasha tun asuba da 'yan mata biyar ko shida, ita ke biyan kuɗin motar kowa, ita ke riƙe da wayoyinsu da takardunsu. Ka tambayi yarinya ina za ta, sai ta dubi matar kafin ta amsa. Kun san mutumin da ke ɗaukar shata, ya ce a kauce wa shingen jami'ai kafin Jibiya ko Maigatari ko Illela, ya ninka kuɗi ba tare da ciniki ba. Waɗanda ake ɗauka ɗin nan, wasu aikatau aka ce za a kai su, wasu an yi musu alƙawarin aiki a Libiya, su bi ta Agadez, ƙarshenta a tsare su a Sabha ana kiran iyayensu su turo kuɗin fansa.

A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace bayan sun bar Arlit, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne a ciki, kuma da yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito, Hausawa irinmu. Ba wanda ya je can da ƙafa. Mota ce ta ɗauke su.

Doka tana nan. An kafa NAPTIP a 2003, aka sabunta dokarta a 2015, kuma ta ambaci masu sufurin haya: wanda ya ɗauki mutum alhali ya san safararsa ake yi, ya shiga laifin. Kada kuɗin shata ɗaya ya raba mutum da iyalinsa shekaru.

To amma, masu shari'a, ku ba ni izini in faɗi abin da direbobi ke faɗa a bayanku. Tsoronsu ba dillaliya ba ce, zaman kotu ne. Direba da abin da ya samu yau yake cefane. Idan ya kai rahoto aka riƙe motarsa a matsayin shaida, aka kira shi zama, aka ɗage, aka sake ɗagewa, ga mai motar yana jiran balas, ga dillaliyar ta samu beli tana yawo a unguwarsu, to gobe ko ya ga yara goma a hannun baƙo, kawar da kai zai yi. Ina roƙonku ku bambanta wanda ya kawo labari da wanda ya haɗa baki. A ɗauki shaidar direba da wuri a sallame shi, a sakar masa motarsa, a kare sunansa. Yarinyar da aka ceto ma kada a bar ta tana jiran hukunci har ta gaji ta janye.

Shugabannin tasha, naku shi ne rajista. A rubuta sunan kowane fasinja da lambar ɗan'uwansa kafin mota ta tashi, kuma kada a yi lodin yara a bakin titi.

Da sunan Allah nake ƙaddamar da wannan gangami. Allah ya tsare hanyoyinmu, ya mayar wa iyaye 'ya'yansu da suka ɓace. Wassalamu alaikum.