Jawabin Ƙungiya: Kada Ɗanmu Ya Dawo Gida Ba Takarda

Iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa mazauna Kwaja, barkanku da zuwa.

Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu ce masu karatu a Mubi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan tun 1979, Jami'ar Jihar Adamawa kuma tun 2002. To amma fa shiga daban, gamawa daban. Yaro ya je sabon shiga, bai san kan rajista ba, Turancin lacca ya yi masa nauyi, ga kuɗin haya. Maki ya faɗi, a yi masa gargaɗi. In bai gyara ba, a sallame shi. Masarar da uba ya sayar ta tafi a banza ke nan.

Shawararmu ita ce, duk ɗalibinmu da ya kai aji uku ya riƙe sabo ɗaya. Ya nuna masa ofisoshi, su riƙa bita tare kowane mako. In ya ga yaro na ja da baya, ya sanar da ƙungiya tun kafin jarrabawa. Mu iyaye kuwa mu haɗa kuɗin mota da na takardu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka.