Lissafi Ba Baƙo Ba Ne: Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Nan kusa da mu, a Unguwar Kanawa, aka buɗe Makarantar Horon Hafsoshin Soja cikin 1964. Har wa yau, yaron da bai ci lissafi ba a jarrabawar ƙarshen sakandare, ba a karɓarsa. Haka kuma abin yake ga mai son zama likita ko injiniya.

To, me ke firgita yaranmu? Sun zaci lissafi baƙo ne. Alhali kuwa da shi alƙali ke raba gado: matar mamaci sumuni in ya bar 'ya'ya, rubu'i in babu. Da shi ake fitar da zakkar kuɗi, kashi 1 cikin 40. Kalmar aljabara ma daga littafin Alhawarizmi, malamin Bagadaza, ta samo asali.

Saboda haka muna roƙonku abu biyu. Ku bincika ko kowace makaranta ta ƙasarku tana da malamin lissafi. In babu, ku rubuta wa hukuma. Ku kuma gargaɗi iyaye su bar yaro shi zauna shi yi aikin da aka ba shi, gama lissafi da hannu ake koyonsa, ba da kallo ba.

Allah shi taimake mu, amin.