Hanyar Dikwa da Hanyar Baga: Tarihin Borno a Cikin Akushi



Zan fara da Faransa, sannan in dawo gida. Matafiyin da ya ratsa ƙasar zai tarar kusan kowane yanki yana da abincin da ke amsa sunansa, kuma hukuma ce ke tsaron sunan. A 1925 doka ta ce cuku ba zai amsa sunan Roquefort ba sai an yi shi da nonon tumaki, an kuma ajiye shi ya nuna a kogunan dutsen wannan gari. A 1935 Faransawa suka kafa hukumar tsare sunayen giyar inabi, domin tun da wani ƙwaro ya cinye musu gonaki a ƙarni na 19, jabu ya cika kasuwa. Giya dai addininmu ya haramta ta, amma dabarar abin dubawa ce. Sun ɗaure kowane abinci da ƙasar da ta haife shi, har baƙo yake biyan kuɗin tafiya don ya ci a tushe, a ba shi tarihin wurin. Abin da nake so in nuna yau shi ne Borno ma tana da irin wannan arziki, sai dai ba mu rubuta shi ba.

Mu kama hanyar gabas, ta Mafa zuwa Dikwa da Gamboru Ngala. Nan ne ƙasar firgi, baƙar laka mai riƙe ruwa. Idan damina ta ɗauke, lokacin da manoman wasu wurare ke girbi, a nan ake fara aiki. Manomi ya huda rami da sanda mai tsini, ya ɗiga ruwa kaɗan, ya dasa masakwa. Ba za ta ƙara ganin ruwan sama ba har a girbe ta wajen watan Fabrairu. Danshin ƙasa da raɓar hunturu ne ke rainonta. Wannan dawar rani tana cikin dalilan da suka sa yankin ya iya ciyar da runduna. Mayaƙin nan Rabeh, bayan ya rusa Kukawa a 1893, a Dikwa ya kafa hedikwatarsa, gidansa na nan har yau. A ranar 22 ga Afrilu 1900 sojojin Faransa suka kashe shi a Kusuri, kwamandansu Lamy ma a nan ya mutu, aka sa wa sabon garin da ke ƙetaren kogi sunan Lamy, kafin a mayar da shi Njamena a 1973. Ku lura da teburin mai shayi da zarar kun tsallaka iyaka: burodinsu dogo ne siriri mai ɓawo, namu kuwa mai kusurwa huɗu ne mai laushi. Rabon da Faransa da Ingila suka yi wa ƙasar Borno yana nan a cikin karin kumallonmu.

Hanya ta biyu ita ce ta arewa, ta Monguno da Kukawa zuwa Baga. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ne ya kafa Kukawa a 1814, kuma kasuwarta ce matafiyin nan Bature, Barth, ya gani a 1851 ya rubuta labarinta. A bakin Tafkin Chadi, masunta na yanka tarwaɗa da bargi gunduwa-gunduwa, su kyafe su a kan wuta har su yi baƙi su ƙandare. Wannan ita ce banda. A ɗura ta a kwalaye, a kawo kasuwar kifi ta hanyar Baga a nan Maiduguri, daga nan manyan motoci su kwasa zuwa Anaca da Legas. Mai miya a Kudu ta san ɗanɗanon, amma ba ta san Doron Baga ba, ba ta kuma san shekarun da rikici ya rufe hanyar ya durƙusar da sana'ar ba. Haka jan tattasan Diffa na gaɓar Komadugu yake shiga kasuwanninmu ba suna.

Maƙwabtanmu sun riga mu farkawa. Kamaru ta yi wa masoron Penja rajista a 2013, Nijar ma ta yi wa kilishi da albasar Galmi. Don haka shawarata uku ce. Na farko, ɗaliban tarihi da na harsuna su zauna da tsofaffin mata su rubuta yadda ake burabusko da denderu da ardeb, da bikin da kowanne yake fitowa, domin gudun hijira ya warwatsa masu sanin. Na biyu, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da jami'armu su tantace ire-iren masakwa su adana irinsu. Na uku, ƙungiyoyin masunta da 'yan kasuwa su nemi doka ta tsare sunan bandar Baga, yadda riba za ta koma hannun wanda ya sha hayaƙi.

Aikin farko ba ya jiran kasafin kuɗi. Littafi da biro da ladabin zama gaban kaka sun isa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya buɗe mana waɗannan hanyoyi.