Mutumin Da Ke Shiga Fili Da Jaka



An nemi in yi magana kan zaɓen sana'a. Ni ma'aikacin gwamnati ne, aikina da takarda da biro ne, amma sana'ar da zan tallata muku yau ba tawa ba ce. Ita ce ta mutumin nan da kuke gani yana shiga fili a guje da jaka idan ɗan wasa ya faɗi, wanda galibinmu muke ɗauka mai raba ruwa ne kawai.

Muna aji biyar, wani abokina ya murɗe gwiwa muna ƙwallo a wani fili da ke gindin Goron Dutse. Nan take muka taru a kansa, wannan ya ja ƙafar, wancan ya murza man zafi, da dare kuma aka gasa masa da ruwan zafi. Ni ma ina cikin masu ja. Sai bayan wata biyu aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, aka ce jijiyar gwiwar ce ta tsinke, jan da muka yi kuma ya ƙara ɓata lamarin. Bai sake buga ƙwallo ba. Da akwai mai ilimin abin a wurin, da ya hana mu taɓa shi, ya naɗe ƙanƙara a tsumma ya ɗora na minti 15 zuwa 20, ya ɗaga ƙafar sama, kana ya tura shi asibiti a ranar.

To, wannan shi ne aikin. Mai kula da lafiyar 'yan wasa ya san bambancin targaɗe da tsagewar ƙashi. Ya san cewa wanda ya bugu a ka har ya ruɗe ba ya komawa wasa a ranar, ko da koci zai yi fushi. Ya san yadda zai shayar da yara ruwa a zafin watan Afrilu na Kano, lokacin da ma'auni kan haura 40. Abin kuma kan kai ga rai. Iyayenmu ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola, ya rasu. A 2021 kuwa zuciyar Christian Eriksen na Denmark ta tsaya ana tsakiyar wasa, aka danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar tayar da zuciya a cikin filin, ya rayu har ya koma ƙwallo.

A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, tana da ƙungiyarta tun 1950. A nan gida hanya biyu aka fi bi. Ta farko ita ce karatun fisiyo, wanda mutanenmu ke kira gashin ƙashi, ana yin sa a Jami'ar Bayero, sai an riƙe darussan kimiyya da lissafi da Turanci sosai, bayan digiri kuma a yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, a yi rajista da hukuma. Ta biyu ita ce ilimin motsa jiki da lafiya, wanda ake yi a Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mai son zama koci kuma yana iya ƙarawa da kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas. A ganina ta farko ta fi, domin ko wasa ya tsaya asibiti yana nan.

Ba zan ruɗe ku ba, kuɗin ba shi da yawa a farko, kuma kulob na iya riƙe albashi wata da watanni. Amma wuraren aikin sun fi yadda kuke zato. Ga Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ga ƙananan kulob na unguwanni, ga 'yan dambe da 'yan kokawa waɗanda har gobe maɗori ne gatansu. 'Yan mata ma kada su ja baya, domin iyaye da yawa sun fi sakin jiki su bar 'yarsu ta yi wasa idan mace ce za ta duba ta.

Roƙona ga ƙungiyarmu shi ne a ware wani abu daga kuɗin bana a sayi akwatin taimakon gaggawa da kula ta ƙanƙara, a kuma gayyato mai aikin fisiyo ya koya wa malamin wasanni da ɗalibai goma danna ƙirji kafin wasannin zango mai zuwa. Ni na ɗauki nauyin kular.