Injin Yankan Katako: Yadda Ake Saita Shi da Zaɓen Zarto

Wannan jawabi ne da aka shirya domin 'yan ajin koyon sana'ar kafinta da kuma iyayen gidansu.

A da, kafinta da zarton hannu yake aikinsa. Yanzu kuwa injin yankan katako mai tebur ya shiga garuruwa da ƙauyuka da yawa. Aikin da ake yi a yini guda, inji yakan gama shi cikin sa'a ɗaya. Amma zartonsa yana juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a cikin minti ɗaya. Ba ya bambanta katako da yatsa. A Amurka, inda ake ƙidaya irin wannan haɗari, mutum sama da 30,000 ne ke zuwa asibiti duk shekara saboda raunin wannan inji. Hannun kafinta shi ne jarinsa. Idan ya rasa yatsu, iyalinsa ne za su shiga wahala.

Zaɓen zarto

Zarton inji faifai ne mai haƙora. Wanda aka fi amfani da shi faɗinsa inci 10 ne. Kowane aiki da irin zartonsa.

Na farko shi ne zarton tsaga, mai haƙora 24 ko kusa da haka. Da shi ake tsaga katako a tsawonsa. Haƙoransa manya ne, akwai fili tsakaninsu, don haka garin katako yana fita da sauri.

Na biyu shi ne zarton gicciye, mai haƙora 60 zuwa 80. Da shi ake yanke katako a faɗinsa, da shi kuma ake yankan filawud. Yankansa sumul yake fita, bakin katako ba ya ɓarewa.

Na uku mai haƙora 40 zuwa 50 ne. Yana yin aikin biyun gwargwado. Wanda kuɗinsa na zarto ɗaya ne kawai, wannan ya kamata ya saya.

Idan aka tsaga katako mai kauri da tauri, kamar maɗaci ko kawo, da zarto mai haƙora da yawa, zarton zai yi zafi. Katako ya ƙone, inji ya wahala. Sai mutum ya shiga turawa da ƙarfi, nan ne hannu ke zamewa.

Kafin a saya, a duba abu uku. Ramin tsakiyar zarto ya yi daidai da sandar inji. Yawan juyawar da aka rubuta a jikin zarto kada ya gaza na injin. Sannan kada a karɓi zarton da ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko ya rasa haƙori. Zarton da ya dakushe a kai shi a wasa.

Saita inji

Kafin a taɓa zarto, a kashe inji, a zare wayarsa daga wuta. Kashe makunni kaɗai bai isa ba.

A ɗaura zarto yadda haƙoran da ke sama za su fuskanci mai aiki. A ɗaure noti da sifana sosai. Sai a juya zarton da hannu, a ga ba ya gogar komai.

A ɗora sukwaya a kan tebur, a jingina ta da jikin zarto, ba da haƙori ba. Idan haske ya ratsa tsakaninsu, zarto ya karkata, sai a gyara.

Akwai ƙarfe ko katako mai tsawo a gefe, wanda ake jingina aiki da shi lokacin tsaga. Shi ne majingina. A auna daga zarto zuwa majingina ta gaba, a kuma auna ta baya. Awon biyu su zo ɗaya. Idan bayan ya fi matsewa, katako zai maƙale.

Tsayin zarto kuma kada ya wuce kaurin katako da fiye da kwatan inci. Idan zarto ya fito da yawa, yawan abin da zai iya kama hannu ke nan.

Harbin katako

Wannan shi ne babban haɗari. Katako yakan matse bayan zarto. Haƙoran baya kuwa sama suke tashi. Sai su ɗaga katakon, su harbo shi da ƙarfi zuwa ciki ko fuskar mai aiki. Wani lokaci ya ja hannu zuwa kan zarto.

Maganinsa shi ne wani siririn ƙarfe da ke tsaye a bayan zarto. Aikinsa ya hana tsagar rufewa. Tazararsa da haƙora kada ta wuce milimita 8. Wasu kan cire shi, su cire murfin zarto, wai suna rage musu sauri. Wannan kuskure ne babba. A mayar da su wurinsu.

Mai aiki ya tsaya a gefe kaɗan, ba daidai layin zarto ba. Kada a yanka katako a sake, ba tare da jingina shi da komai ba. Kada a sa ɗanyen katako ko murɗaɗɗe. Tsohon katako kuwa a cire ƙusoshinsa tukuna.

Kare jiki

Kowane kafinta ya sassaƙa sandar turawa mai tsawon inci 18, mai ɗan lungu a bakinta. Da ita zai tura ƙarshen katako, ƙafa ɗaya ta ƙarshe. Guntayen da suka rage kusa da zarto, kada a ɗauke su sai inji ya tsaya cak.

Ba a aiki da babbar riga, ko hannun riga mai lilo, ko safar hannu. Zarto yakan kama su ya ja mutum. A sa tabarau na kariya, a toshe kunne, a rufe hanci. Ƙurar katako, musamman ta loko, tana kawo ciwon asma.

Idan aka ɗauke wuta ana cikin aiki, a kashe makunni nan take, a janye katako. In ba haka ba, wuta na dawowa inji zai tashi da kansa.

Idan tsautsayi ya faɗa, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a garzaya asibiti. Kada a zuba garin katako ko ƙasa a kai.

Iyayen gida su tuna cewa yaran shago amana ne. Kada a bar sabon yaro shi kaɗai da inji. Ya fara da kallo, ya koyi saiti, sannan ya yi yanka a gaban maigidansa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa abokan aikinsa wannan jawabi.